Murjanin da Bai Nuna Ba

Kwanakin baya wani matashi ya same ni a ƙofar gida ya ce yana son in koya masa aikin akwatin kifi, irin na gilashi da ake ajiyewa a falo. Na tambaye shi me ya riga ya sani. Ya ce ya kalli yadda ake yi a waya, kuma a fahimtarsa abin bai wuce ruwa da gishiri da fitila ba. Na ba shi kujera na fara bayani daga tushe. Kafin in kai ga maganar wanke hannu ya duba wayarsa, ya ce ana jiransa a tasha. Bai dawo ba. Saboda shi da ire-irensa nake rubuta wannan. Ba na jin haushin wanda bai sani ba. Wanda ke ɓata mini rai shi ne wanda ya leƙa aiki na ɗan lokaci ya yanke masa hukunci, alhali a cikin aikin akwai rayukan da ba su da bakin kai ƙara.

Sunana Lawali, amma Mushe, wato malam da Faransanci, ake ce mini tun ina aikin gwamnati. Kiwon kifi na karanta, kuma a bakin tafkin Madarumfa da kududdufan masu lambu na fara aiki. A can kore dukiya ne. Da gangan mukan zuba takin awaki a kududdufi domin ruwa ya yi kore, karfasa ta samu abin ci. Ka zura hannu har gwiwa, idan ka daina ganin tafinka, ruwa ya ƙoshi. Da wannan ilimin na zo wa akwatin ruwan teku, kuma sai da na kifar da shi gaba ɗaya. Ruwan da murjani ke girma a cikinsa matalaucin ruwa ne, garau, babu abinci a ciki sai ɗan kaɗan. Idan aka taƙaita sana'ar, tsare wannan talaucin ne, a ƙasar da kowa ya tashi yana ganin ƙosar da mai rai shi ne alheri.

Akwatin teku na farko da na taɓa gani na Alhaji Mamman ne, ɗan kasuwa a nan garin, wanda fatauci ya kai shi ƙasashen Larabawa ya ga irinsa a can, ya rantse sai ya ajiye a falonsa. Wanda ya haɗa masa shi ne Malam Idi, mutumin Gabi, da ya daɗe a Jidda yana aiki a kantin da ake kiwon kifin ado da murjani a cikin gilashi. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya nemi wanda zai gada, aka nuna masa ni. Ranar farko na zo da takarduna da ma'aunaina, na naɗe hannun riga. Ya kama hannuna ya kai hanci.

"Mushe, ka shafa mai?"

"Na shafa."

"Da turare?"

"Juma'a ce, Malam."

"To yau kai ɗan kallo ne. Jawo kujera."

Haka na wuni ina kallo. Ɗan man da ke fatar mutum, ko ragowar sabulu, ko turare, ya isa ya sa murjani ya ƙanƙance ya ƙi buɗewa. Ana wanke hannu har kafaɗa da ruwa zalla, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa. Ban taɓa ganin mutum mai tsare ƙa'ida kamar Malam Idi ba. Yana da bokitin da ba a taɓa wanki a cikinsa ba, ya ɗaura masa jan zare don kada a yi kuskure, kuma ya gwammace ya fasa aiki da ya ari na wani. Sauran kayan ba su da yawa: tiyo mai taushi na zuƙe datti, reza ta kankare gilashi, buroshin haƙori, ma'aunin gishiri, ƙananan kwalaben da ake ɗiga wa ruwa ya canja launi ya nuna yawan dattin da ido ba ya gani, da injin tace ruwa. Ruwan rijiya da na pampo, ko da sun yi daɗin sha, suna ɗauke da abin da ke ciyar da gansakuka, don haka babu ɗigon da ke shiga akwati sai ya bi ta matata. Gishirin ma ba na miya ba ne. Haɗi ne na musamman da ake kawowa a buhu, mai ɗauke da duk abin da ruwan teku ke ɗauke da shi.

Hausa kalma ɗaya ta ba mu, gansakuka, ita muke liƙa wa duk abin da ya tsiro a ruwa. A cikin akwatin teku abokan gaba uku ne, kuma wanda ya kira su da suna ɗaya zai yi musu magani ɗaya, ya kashe abin da aka ba shi amana. Akwai ƙura mai launin ƙasa da ke lulluɓe yashi da gilashi a sabon akwati. Wannan baƙuwa ce, idan ruwan tatacce ne takan tafi da kanta, sai dai masu gaggawa sukan zubar da komai su sake sabo, ta sake dawowa, su ce an yi musu asiri. Akwai kore mai gashi, wanda ake tsigewa da hannu a goge da buroshi, katantanwar teku ta cinye saura. Sai na uku, wanda Malam Idi ke kira jan yauƙi. Shi ba tsiro ba ne ma. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya ganin ɗayansu, sukan haɗu su shimfiɗa kamar fatar da kunu ke yi idan ya huce, ja wur mai sheƙi, kuma zuwa la'asar za ka ga ƴan kumfa sun maƙale a jikinsa. Katantanwa ba ta cinsa, kifi ba ya kusantarsa. Abu uku yake so: ruwan da ba ya motsi, abincin da ya yi saura, da haske mai tsawo. Idan ya hau murjani yakan tare masa haske ya toshe masa numfashi.

Na tuna wani masaukin baƙi a Maraɗi inda aka kira ni akwati ya lalace. Mai kula da wurin ya sa an ja shi zuwa bakin taga domin masu wucewa su gani. Na tarar da kore mai gashi ya yi wa kowane dutse gemu. Na ce a mayar da akwatin inuwa. Ya ce shi magani yake so, ba shawara ba. Na ce masa ranar da ke shigowa ta tagarsa ita ce ciwon, kuma ba ni da maganin rana sai labule. Wani kuma, mai sayar da magunguna ne, ya ga jan yauƙi ya ɓare ƙwayoyin maganin mutane ya zuba. Jan ya mutu kuwa, amma tare da shi ƙwayoyin kirki da ke zaune a cikin duwatsu suna cinye dattin kifi su ma suka raunana, ruwa ya yi gauraye, kifayen suka taso sama suna haki. Bayan ɗan lokaci jan ya dawo, domin abin da ya kawo shi yana nan. Irin wannan aikin nake kira zalunci, ko da wanda ya yi shi bai nufa ba. Gansakuka ba ciwon ba ce, shaida ce a kan mai gidan. Tana faɗin yawan abin da yake zubawa, da tsawon lokacin da yake barin fitila, da ranar da ya yi kasala.

A akwatin Alhaji Mamman akwai murjani guda da ya fi kowanne daraja a gidan. Malam Idi ne ya zo da shi yana ɗan guntu kamar babban yatsa, daga cikin wanda aka raina a kanti, ba a ɓallo shi daga teku ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai ratsin kore, kuma da rana yakan fito da ƴan yatsu ƙanana masu laushi suna kaɗawa a ruwa. Matar Alhaji, Hajiya Rabi, ɗiyar masunta ce daga bakin tafki, mace mai kaifin baki da saurin dariya. Kamar kowace Bahaushiya, murjanin da ta sani shi ne jan dutsen ado da ake ɗaurawa a wuya, kuma tana da nata na gado. Malam Idi ya ba ni labarin ranar da ta fara ganin na cikin gilashi.

"Alhaji, wanga ne murjanin da kake ta faɗi?"

"Shi ne."

"An cuce ka. Wanga ai citta ce."

"Ki yi haƙuri, Rabi, yaro ne. Bai nuna ba tukuna."

Daga ranar sunansa ya zama cittar Alhaji. Shekaru suka wuce, guntun ya yi rassa kamar ƙahon barewa har ya kusa cika faifai, kuma duk lokacin da ta shigo falo sai ta ce, "Alhaji, cittarka ta nuna?" shi kuma ya ce, "Saura kaɗan." Sau ɗaya na buɗe baki zan yi bayanin cewa jan murjanin wuya wani iri ne daban, ƙashinsa ake fafewa bayan ya mutu, wannan kuwa ba zai taɓa yin ja ba. Alhaji ya ɗaga mini hannu ya ce, "Mushe, bar mu da wasanmu." Na bar su. A lokacin Malam Idi ya riga ya koma Gabi, inda Allah ya yi masa rasuwa, akwatin ya zama a hannuna ni kaɗai.

Mummunar shekara ita ce wadda aka rufe iyakar ƙasa. Kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙo, ya zo ya tafi ba sallama. Buhun gishirin teku da ake kawo mana ta Kano ya yanke, abin da ya rage mini bai kai rabin buhu ba. Kilim da ke sanyaya falon ya tsaya, sai aka riƙa buɗe tagogi, rana ta samu hanya. Panno na hasken rana da ke gidan yana ɗaukar ƙaramin pampo ɗaya mai kaɗa ruwa, amma batiransa sun tsufa. A cikin wannan halin, tsakiyar bazara, Alhaji Mamman ya rasu. Hajiya ta zaɓi ta yi takaba a falonsa, manyan matan dangi kuma suka yanke cewa babu namijin waje da zai shiga sashen sai ta fita. Ban yi jayayya ba, ba hurumina ba ne. Na rubuta abin da za a riƙa yi na ba babban ɗansa Sanusi, mai motocin dako, wanda rufe iyaka ya riga ya ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. Na riƙa ajiye jarkar tataccen ruwa a zaure ina komawa.

Wata ranar kasuwa sai ga Sanusi a gidana da fara'ar da ban gan shi da ita ba tun rasuwar.

"Mushe, albishirinka."

"Goro."

"Cittar Baba ta nuna."

Ya miƙo mini waya. A hoton, rassan murjanin sun yi ja wur tun daga tushe har kusan ƙarshe, yashin ƙasa ma ya yi ja, ga ƴan kumfa suna ƙyalli kamar an yi masa ado. Ba zan ɓoye ba, ga wanda bai sani ba abin yana da kyau. Na tambaye shi wa ke ba kifin abinci. Ya ce kowa. Masu zuwa gaisuwa sukan ɓalli masa ko biskit su jefa, sadaka ga mamaci, jikoki ma haka. Na ce masa wannan ba nuna ba ce, jan yauƙi ne, kuma idan aka bar shi, kafin damina ta zauna mahaifiyarsa za ta wayi gari ta ga farin ƙashi.

Fara'ar ta tafi. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Mushe, ka san tun da Baba ya rasu Inna ba ta cin abinci sai an yi da gaske? Ranar da abin nan ya fara ja ta nemi fura da kanta. Cewa take alama ce, ya samu rahama. Mata na zuwa daga unguwanni suna gani. Don Allah ka bar shi. In ya mutu daga baya mu ce zafi ne."

Na fahimce shi, kuma ban ga laifinsa ba. Amma na ce masa ba zan iya ba. Murjanin amana ne daga mutum biyu da ba su da ran tambayata, kuma matar da za a ruɗa ba yarinya ba ce. Na roƙe shi abu ɗaya, ya nema mini izinin magana da ita ta bayan labule. Idan ta ji ta ce a bar shi, nata ne, zan yi shiru.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar falon, labule mai kauri a tsakaninmu, Sanusi yana tsugune gefe. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa.

"Mushe, Sanusi ya ce kana da magana."

"Ina da ita, Hajiya, kuma ba mai daɗi ba ce. Amma ba na so ki karɓa daga bakina. Akwai sabon ludayi kusa?"

Aka kawo mata. Na ce ta sa shi a ruwa ta taɓa jan a hankali, domin idan murjani ne ya nuna, jan na jikinsa ne, ba zai biyo ludayi ba. Na ji motsin ruwa.

"Ya biyo," in ji ta.

"Ki kai hanci."

Na ji ta shaƙa. Da ta yi magana muryarta ta sauka.

"Warin bakin tafki ne, lokacin da ruwa ke janyewa. Ubanmu kan hana mu shayar da awaki a irin wurin."

"Ɗan'uwansa ne, Hajiya. Mi kika gani a inda ya ɓantale?"

"Cittar na nan. Ta janye ƴan yatsunta. Bakin reshe guda ya yi fari."

Na gaya mata abin da farin ke nufi, da abin da zai biyo baya, ban rage ba ban ƙara ba. Sanusi ya sunkuyar da kai. Can sai ta ce, "Mushe, tsakaninka da Allah. Alhaji ya san ba ya nuna?"

"Ya sani, Hajiya. Tun ranar farko."

Na ji wani sauti da na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, gajera, ta wadda ta daɗe ba ta yi ba.

"Kai, mutumin nan. Saura kaɗan, saura kaɗan. Har ya tafi bai bari na gane ba." Ta numfasa. "To, ni na ce rahama ce, ni zan cire ta. Ba wanda zai sa hannu a ciki sai ni. Faɗa mini yadda ake yi."

Na fara da abin da aka fara mini da shi. Na tambaya ko akwai mai ko turare ko lalle a hannunta.

"Mushe, takaba nake."

Sai a lokacin na lura cewa hannun da Malam Idi ya yi ta nema duk rayuwarsa, wanda bai san turare ba bai san ado ba, shi ne a bayan labulen.

Aikin farko zuƙewa ne. Na koya mata ta cika tiyo da ruwa, ta toshe bakinsa biyu da yatsu, ta sa ɗaya a akwati ɗaya a bokitin Malam Idi mai jan zare, kada ta ja da baki, domin jan yauƙi na iya ɗaukar dafi. Ba mu da gishirin da za mu zubar da ruwa mai yawa, don haka na ce a tace abin da aka zuƙo a mayar. Ina neman yadda zan kwatanta mata matatar sai ta ce, "Kamar tatar koko?" Ta sa aka sayo sabon ƙyalle, aka ɗauraye shi da tataccen ruwa, ta ɗaura a bakin bokiti. Na yi shekaru ina aikin da idona, ranar kuwa ban ga komai ba. Ita ke faɗi ni ina saurare. "Na gama gefen gabas. Akwai wani a ƙarƙashin babban dutse, tiyo bai kai ba." "Ki karkata shi, kada ki taɓa reshe." "Na sani, ba yau na fara tsince ƙaya a kifi ba." Idan ta gama sai ta miƙo kofin ruwa ta ƙarƙashin labule, in gwada a zaure, in rubuta a littafina kamar yadda na saba, har da kalmomin da ta kwatanta abin da su, domin sun fi nawa daidai.

Na biyu shi ne yunwa, kuma shi ya fi wuya. Na ce kifin su ci sau ɗaya a yini, ɗan abin da za su cinye nan take, daga hannu ɗaya. Duk wanda ya san gidan makoki ya san abin da ake nufi da hana mutum yin sadaka a cikinsa. Gwaggo Hasiya, ƙanwar marigayi, ta ce ba ta taɓa jin inda aka hana ciyar da halittar Allah don mamaci ba. Ina zaure na ji amsar Hajiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gwaggon yara, mai son sadaka ga tafki can, tarwaɗa ba ta ƙi. Waɗannan ƙoshi ke kashe su." Ta sa aka ɗauke gwangwanin abincin kifin aka kawo mata, ta ajiye shi ƙarƙashin matashinta.

Na uku duhu ne. Jan yauƙi da haske yake rayuwa, murjani ma haka, amma murjani ya fi shi jure rashinsa na ɗan lokaci. Kwana uku ake yi, a kashe fitila, a rufe gilashi ta kowane gefe, a bar sama a buɗe don iska. Ta lulluɓe akwatin da baƙaƙen zannuwa. Sanusi ya ce wata tsohuwa da ta zo gaisuwa ta tsaya a ƙofa ta yi salati ta ce wa kuma aka rasa. Haɗarin duhu shi ne numfashi, domin jan da ke mutuwa yana cinye iskar ruwa, ga pampo yana tsayawa duk lokacin da batir ya gaza. Na ce idan ya tsaya dole a motsa ruwan da hannu, a kamfata a ɗaga a zubo daga sama. Ta ce, "Fifitar kunu ke nan." Haka ta yi. A cikin zafin da ya hana maza zama a ɗaki, duk sa'ad da pampo ya yi shiru sai in ji ludayi ya ɗauka, ruwa yana zuba a hankali, ba gaggawa ba tsayawa, tana jan tasbihi da baki. Sanusi ya riƙa kawo ƙanƙara a cikin robobi rufaffu ana sa su shawagi don rage zafi. Ya taɓa zuwa da gishirin Bilma mai kyau ya ce a ƙara da shi. Kafin in buɗe baki ta ce daga ciki, "Kai shi kicin."

Kada wani ya ɗauka da aka yaye zannuwa magana ta ƙare. Jan ya tafi, amma bayan ƴan kwanaki ya sake leƙowa a kusurwar da ruwa ba ya kaiwa. Ta zuƙe. Na ce a juya bakin pampo ya fuskanci wurin, ta juya. Ya sake fitowa a kan yashi, ta sake zuƙewa. Muka riƙa canja ruwa kaɗan kaɗan da ɗan gishirin da ya rage, ina auna shi kamar magani. Tagar gabas ta samu labule. Da damina ta sauka zafi ya ragu, launin da kwalabena ke nunawa ya fara sauka, har wata rana ta ce ta duba ko'ina ba ta ga ja ba. Na ce ta ci gaba da dubawa. Ta ce, "Kai dai ba ka iya murna ba, Mushe." Sanusi ya gaya mini a zaure cewa tana cin abinci, domin ta ce mai ɗaga ludayi ba ya zama da yunwa.

Wannan ita ce sana'ar da aka ce ruwa ce da gishiri da fitila. Na yi ta a gidaje da masaukai, na koya daga gwani, kuma ban ga wanda ya yi ta da kyau kamar matar da ta koye ta ta bayan labule ba, wadda sai da ta cire da hannunta abin da ke sanyaya mata rai kafin ta ceci abin da ke ƙarƙashinsa. Idan matashin nan ya dawo, ba ni zan fara koya masa ba. Gidanta zan kai shi ya wanke hannu ya jawo kujera.

Ranar da ta fita takaba aka yi taro, aka yi addu'a, da la'asar aka ce in shiga. Gilashi garau, yashi fari, kifayen sun ɗan rame amma suna yawo. Murjanin yana nan da launinsa na ƙasa mai ratsin kore, ƴan yatsunsa duk a waje suna kaɗawa, ban da reshe guda da ya zama farin ƙashi. Na ce zan iya ɓalle shi. Hajiya ta ce a bar shi. Tana tsaye da sabon zane, jan murjaninta na gado ya koma wuyanta.

Gwaggo Hasiya ta matso, ta sunkuya, ta daɗe tana leƙen gilashin. Ta dubi na wuyan Hajiya, ta sake duban na cikin ruwa.

"Duk wahalar nan, Rabi, kuma har yanzu bai nuna ba."

Hajiya ta ɗauki gwangwanin abinci, ta tsinko ɗan kaɗan da yatsu biyu, ta barbaɗa a kan ruwa, ta rufe.

"Allah kada ya nuna," in ji ta.